Baba Ɗumi da Rabin Maganar Dakta

A mahaɗar titin da ke gangarawa asibiti akwai ɗan fili tsakanin turken danja da katangar wani kantin magani. Nan Baba Ɗumi yake sayar da jarida tun gashin kansa yana baƙi. Sunan ya fito ne daga kirarin da yake yi wa hajarsa kowace safiya: "Da ɗumi-ɗuminta! Da ɗumi-ɗuminta!" Direbobi suka gutsuri rabi suka liƙa masa, ya bi shi har gida.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Tebur ne mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ake tokarewa da bulo, sai waya da ya ja daga turken zuwa wata ƙusa a katanga, sai maƙalan shanya na katako da suka yi baƙi don shan hannu. Akwai benci, amma ba a taɓa ganinsa a kai ba. Shi ba ya zama. Danja ta yi ja, ya kutsa tsakanin motoci da jaridu jere a damtsensa, ta yi kore, ya dawo ya gyara abin da iska ta karkatar, ya leƙa titi, ya sake gyarawa. Ko abinci a tsaye yake ci, ido ɗaya a kan fitila.

Sana'ar tana da wata ƙa'ida da mai saye bai sani ba. Ejan, wato dillalin da ke kawo jaridu, yana karɓar kwantai, amma sai wadda ba a buɗe ba. Wadda ta nuna alamar hannu ta zama taka. Saboda haka Baba Ɗumi yake ninke kowace jarida biyu, ya maƙale ta a waya, sama a waje, ƙasa a ɓoye. Masu karatun kyauta su tsaya su kalla iya son ransu, hannu dai a baya. Shi kansa haka yake karantawa. Ya koyi karatu a ajin manya, manyan baƙaƙe ba sa ba shi wahala, ƙananan ne ke sa masa hawaye. Juyin mulki, gobarar kasuwa, faɗuwar jirgi, duk ya sanar da mahaɗar nan, kuma duk daga rabin shafin farko.

Cikin masu sayensa akwai wata mata mai ƙaramar mota ruwan toka, wadda ke aikin bincike kan alluran rigakafi a ɗakin gwaje-gwajen da ke bayan asibiti. Dakta yake ce mata, ita kuma Baba. Ta sauke gilashi, ya miƙa mata tata ba sai ta faɗa ba, ta tambayi gwiwarsa, ya tambayi mutanen gida, danja ta raba su. Shekara da shekaru iyakar zumuncinsu ke nan, tsawon jar fitila.

Ran nan da ya yanke igiyar ƙunshin safe, sai ga fuskarta a shafin farko, baki a buɗe, yatsa a sama. Kanun ya cika faɗin shafin: "ALLURAR YARA: BA ZAN CE BABU HAƊARI BA, IN JI MASANIYA." A ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ce iyaye sun shiga fargaba, daga nan ninki ya cinye sauran.

Abin da ya fara ji daɗi ne. Mutuniyarsa ce a jarida. Ya jera su a damtse ya faɗa titi.

"Da ɗumi-ɗuminta! Dakta tamu ta fasa ƙwai! Allurar yara akwai haɗari! Daga bakin masu abin!"

Bencin ya cika, aka yi tsaye a bayansa. Tela, wanda shagonsa ke tsallaken titi kuma bai taɓa sayen jarida ba, ya harɗe hannu a baya ya gyaɗa kai.

"Ni dama na faɗa."

Ɗan Fansho, wanda ke wuni a bencin, ya ce, "Kai ai kullum ka faɗa, bayan an buga."

Motar Dakta ta iso ana cikin haka. Baba Ɗumi ya ruga da murna ya ɗora jaridar a gilashinta. Ta karɓa, ta duba, ta daɗe tana duban hotonta kamar na wata baƙuwa. Ba ta tambayi gwiwa ba. Aka yi mata hon, ta ja. Kafin hantsi ya ɗaga babu ko ɗaya da ta rage a waya. Ya daɗe bai ga ciniki irin na ranar ba.

Da ya koma gida da la'asar ya tarar da Auta, ƙaramar 'yarsa, zaune a bakin gadon uwarta, da ɗanta a cinya. Yaron sunan Baba Ɗumi ya ci, Takwara kowa ke ce masa. Ya shiga wata tara, haƙora biyu a ƙasa, ga son kama gemu.

"A'a, Takwara! Ka zo karɓar gadon teburin ne? Ai ban mutu ba tukuna."

Ba wanda ya yi dariya. Matarsa tana ninke wanki, tana buga kowace riga a gwiwa da ƙarfin da ya wuce na riga.

Auta ta ce, "Baba, a makon nan ne allurar ƙyandarsa. Babansa ya ce ba inda za a kai shi."

"Saboda me?"

"Ya ce a gareji aka kawo jarida. Na ce masa ba a bin maganar jarida, ya ce to ta babanki fa? Ya ce da kunnensa ya ji ka a mahaɗa."

Baba Ɗumi ya ajiye jakarsa, ya ɗauka, ya rataye a ƙusa, ya sake saukewa.

"To ni na rubuta? Abin da aka buga na faɗa. Kuma ga hotonta. Matar nan ta san aikinta."

Matarsa ta ce, "Ka karanta?"

"Na karanta mana."

"Har ciki?" Ta ajiye rigar. "Malam, tun ina yarinya nake auren mai jarida, ban taɓa ganin cikinta a hannunka ba. Ƙyanda ta shigo layin bayanmu, gida biyu na sani. Ko ka manta ɗan farinmu ne? Ni ban manta ba. Ni na riƙa jiƙa tsumma ina buɗe masa ido."

Bai manta ba. Lokacin suna wani gari mai nisa da asibiti, yaron bai kai ga allura ba, kuma bai kai shekara biyu ba. Ba sa maganar a gidan. Baba Ɗumi ya fita tsakar gida, ya zagaya famfo, ya dawo bakin ƙofa, ya koma. Abu biyu ne suka tsaya masa a rai. In jarida ta yi gaskiya, kai Takwara asibiti ganganci ne. In ba ta yi ba, to da muryarsa aka hana yaron abin da zai tsare shi.

Washegari ya je wurin Ɗan Fansho, wanda ya sayi ta jiya, ya ce ya ara masa. Ya shimfiɗa ta a tebur. Hannunsa bai saba ba, shafukan suka riƙa zamewa, iska na taya su. Labarin ya tsallaka can ciki, kusa da tallan tayoyi. Ya bi shi da yatsa, layi-layi, danja na ja tana kore bai ɗaga kai ba. Akwai wata uwa da ba a faɗi sunanta ba, akwai wani da aka ce mai sharhi ne, akwai "majiya". Sai a sakin layi na ƙarshe Dakta ta sake fitowa, inda aka ce ta ƙara da cewa amfanin allurar ya fi yawa. Layi ɗaya da rabi.

Ɗan Fansho ya ce, "Yau kuma? Baba Ɗumi da karatun ciki? Lallai za a yi ruwa."

"Kai da ka saya, ka kai nan?"

"Ina? Ni shafin fansho na duba."

Kwanaki Dakta ba ta sauke gilashi ba. Takan tsaya a layin can na nesa, idonta a gaba. Rana ta uku ko ta huɗu ya ratsa motoci ya ƙwanƙwasa mata. Ta sauke kaɗan.

"Baba, har da kai? Ina cikin mota ina jin sunana a bakinka."

"Ranki ya daɗe, ba ki faɗa ba ne?"

"Na faɗa. Amma ba nan na tsaya ba. Ɗan jaridar ya zauna a ofishina har shayinsa ya huce, na yi masa bayani..."

Kore. Hon. Ta tafi.

Haka ya riƙa tsintar maganar, guntu yau, guntu gobe, yana tafe a gefen motar yana riƙe da madubi. Ta kira editan, an ce mata ba wanda ya rubuta labarin ke sa kanu ba, wani ne daban da bai taɓa ganinta ba. An yi mata alkawarin gyara. Nas-nas na asibitin unguwa sun gaya mata bencin ranar allura ya koma rabi. Wata ƙawarta ta makaranta ta bugo tana yi mata jinjina da ta tona asiri. Da ta faɗi wannan sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

Ya ce, "Dakta, ina da jika."

Ta juyo sosai ta dube shi. "Wata nawa?"

"Tara."

"Ku kai shi, Baba. Kada ku jira."

Gyaran ya fito bayan mako. Ba don yana nema ba da bai gan shi ba: ɗan akwati ne da tafin hannu zai rufe, a ƙasan wani shafi na ciki, an ce jaridar na baƙin cikin duk wata rashin fahimta. Ya buɗe jaridar a wannan shafin, ya san ta zama tasa, ya maƙale ta a tsakiyar waya da maƙali huɗu don iska. Ya shiga titi.

"Da ɗumi-ɗuminta! Jarida ta janye! Dakta ba haka ta ce ba, cewa ta yi..."

Kafin ya kai ƙarshe mutum ya ɗaga gilashi. Maganar ta yi tsawo, ba ta da kaifi, ba ta shiga baki kamar ta farko. Tela ya tsallako, ya sunkuya ya leƙa akwatin.

"An toshe mata baki ke nan. Ai dama na san za a yi haka."

"Wa ya toshe?"

"Su mana."

"Su wa?"

Tela ya ɗaga kafaɗa ya koma shagonsa.

Da yamma Baba Ɗumi ya naɗe shafin ya nufi garejin surukinsa. Makanike ne, yaro mai ladabi, mai taurin kai a cikin ladabin. Ya fito daga ƙarƙashin mota, ya goge hannu, ya durƙusa ya gaida shi, ya sa aka kawo ruwa. Ya karanta akwatin har sau biyu, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ba musu nake da ku ba. Amma jiya jarida ta ce haka, yau ta ce haka. Ta jiya ga hoto, ga manyan baƙaƙe. Ta yau ko sa hannu babu. Ni in mota ta zo da ƙara biyu, ba na kunna ta sai na san wacce ce ta gaskiya. Ɗa ɗaya gare ni."

"Ni ma ɗaya gare ni lokacin."

Makanike ya sunkuyar da kai. Baba Ɗumi ya taka zuwa bakin gareji ya dawo.

"In ka ji daga bakinta fa?"

"Wa zai bar ni in shiga wurinsu da wannan kayan?"

"Ba sai ka shiga ba. Ka zo mahaɗa gobe da safe."

Ya zo, don ba a ƙin kiran suruki. Ya tsaya a jikin turke da rigar aikinsa, yana duba agogon waya. Baba Ɗumi kuwa ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya ba wani jaridar da ba ita ya nema ba, ya bar maƙali ya faɗi bai ɗauka ba. Tsoronsa kada motar ta iso a kan kore ta wuce. Ta iso a kan ja, ta uku a layi. Ya kamo hannun Makanike ya ja shi cikin motoci.

"Dakta, ga uban yaron. Don Allah abin da kika gaya wa ɗan jaridan nan, shi za ki gaya masa. Yadda kika faɗa."

Ta dubi Makanike, ta dubi fitila. Ta sauke gilashin har ƙasa.

"Tambayata ya yi ko allurar ba ta da wata illa ko kaɗan. Na ce masa ba zan ce babu haɗari ba..."

Fitila ta yi kore. Motoci biyun gaba suka ja. Na baya suka dasa hon. Makanike ya ja da baya, fuskarsa ta nuna ya ji abin da ya zo ji. Dakta ta kai hannu ga giyar mota.

Baba Ɗumi ya zagaya ya tsaya a gaban motarta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kauce wa motoci, ya kafa ƙafa a tsakiyar titi, ya buɗe hannuwa, jaridu na zubewa daga damtsensa.

"Ƙarasa, ranki ya daɗe! Ba inda za ki!"

"Baba, za a taka ka!"

"Su taka. Ƙarasa!"

Wani direban bas ya leƙo: "Kai tsoho, ka haukace ne?" Wani ya ce a ɗauke shi. Jami'in hanya mai ba da hannu ya taso daga inuwa yana busa usur. Dakta ta kashe mota, ta ɗaga murya sama da hon ɗin, ta kama hannun rigar Makanike don kada ya matsa.

"Na ce ba zan ce babu ba, domin babu maganin da ba shi da nasa. Wurin allurar kan yi ɗan ciwo. Wani yaron yakan yi zazzaɓi bayan kamar mako guda, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Mai tsanani yana da wuyar gani ƙwarai, shi ya sa ake cewa ku ɗan zauna a asibiti bayan an yi. Ita kuwa ƙyanda tana makantarwa, tana kurumtarwa, tana kisa. Na ce wa ɗan jaridar in ya ga uwa tana shakka, ya gaya mata ni na kai nawa da hannuna. Wannan duk na faɗa masa. Shi ne bai ga wurin sawa ba."

Makanike ya ce, "Naki na cikinki?"

"Na cikina. Da jikata, watan jiya."

Fitila ta koma ja kafin ta rufe baki, layi guda ya rasa koren. Zagin da Baba Ɗumi ya sha a safiyar nan ya ishi mutum shekara. Mai ba da hannu ya ja shi gefe ya yi masa faɗa kamar ɗansa, ya ce in ya sake, teburin zai bar mahaɗar. Jaridun da suka zube taya ta bi ta kansu, babu ejan da zai karɓe su. Makanike ne ya durƙusa ya tsince su ɗaya-ɗaya, ya kaɗe, ya ɗora a tebur. Bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi, "Baba, bari in je, aiki na jira." Ya yi 'yan taku ya juyo. "Ƙarfe nawa suke buɗewa?"

Makanike da kansa ya kai Auta da Takwara asibiti a kan babur. Auta ta ce da nas ta fito da allura kawar da kai ya yi, yaron ma ya fi shi jarumta. Bayan mako jikin Takwara ya yi ɗumi, Makanike ya bugo waya. Baba Ɗumi ya ce, "Dakta ba ta gaya maka ba? Ka ba shi kwana biyu, in bai sauka ba ku koma." Ya ajiye wayar, shi kuma ya kasa cin abinci sai da aka ce zazzaɓin ya sauka. Ƙyanda ta gama zagayenta a layin baya, ta kwantar da yara da dama, ɗaya sai da aka ba shi gado a asibiti. Ba ta taɓa Takwara ba.

Bencin ranar allura bai koma yadda yake ba tukuna, in ji nas-nas. Tela har yau bai kai 'yarsa ba, kuma in an yi maganar sai ya ce ai daga bakin Baba Ɗumi ya fara ji. Baba Ɗumi ba ya musu. Yakan tsallaka shagon lokaci-lokaci ya sake gwadawa, ya dawo yana surutu shi kaɗai.

Yanzu kowace safiya yakan ware jarida ɗaya ya buɗe, da wani tabarau da Auta ta saya masa, ya bi babban labarin har inda ya ƙare kafin ya shiga titi. Wannan ya sa yana makara, kirarinsa kuma ya yi tsawo, cike da "amma" da "sai dai". Ɗan Fansho ya ce sunan ya daina dacewa da shi, kafin ya gama faɗa labarin ya huce. Cinikin ya ɗan ja baya. Dakta ta koma sauke gilashi, tana tambayar gwiwa da Takwara. In ta fara magana mai tsawo, Baba Ɗumi yakan ɗaga kai ya dubi fitila, ya matsa kusa da gaban motar.